Da Wace Kike Farawa?

Litinin, 24 ga Yuli, da hantsi

Gajera ta shure ni yau. Tun haihuwarta ta fari nake kama nononta, ba ta taɓa ɗaga mini ƙafa ba sai yau. Ina taɓa na baya na hagu ta kawo shuri, ƙwarya ta kife a taɓo. Da na shafa hantsar sai na ji ta da zafi rau, gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri. Na matsa a tafin hannuna. Abin da ya fito ba madara ba ce, wani ruwa ne rawaya-rawaya mai gudaji.

Shanu uku gare ni a duniya, ban da 'yan maruƙa. Kyalla, tsohuwar saniyar da Inna ta bar mini bara. Amarya, 'yar Kyalla, mai cikin fari, haihuwa ko yau ko gobe. Sai ita Gajera. Duka ukun an yi musu allurar rigakafin ciwon hantsa a bana, a gabana aka yi, ni na riƙe igiya. To wannan kuma mene ne?

Hajiya, uwar mijina, ta leƙo daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Muhsina, ban faɗa miki ba? Dabba tana zaman zamanta, a zo a ɗura mata ruwan kwalba a wuya. Ga shi nan ai." Na kira Malam Abdulrashid, ma'aikacin dabbobin da ya yi allurar, ya ce sai jibi, babur ɗinsa yana wurin gyara a Shanono.

Tsohon littafin makaranta ne wannan, a ƙasan akwati na tono shi. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Uwaisu, mijina, yana kasuwar Dawanau cikin buhunan hatsinsa sai Juma'a. A nan ne kaɗai zan rubuta sunansa gatsal ba wanda zai ce ba ni da kunya.

Talata, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Ruwa tun asuba. Turken ya koma kwatami. Da damina a garin nan ba inda za a saki dabba, gero da dawa har jikin katanga, kowa ya shuka har bakin ƙofar maƙwabcinsa. Shanu a ɗaure suke wuni, a ɗaure suke kwana, cikin taɓo da kashinsu, ga ƙudaje kamar an gayyace su.

Taɓon ne. Na tabbata taɓon ne.

Laraba, 26 ga Yuli, bayan azahar

Malam Abdulrashid ya zo da kularsa ta ƙanƙara ɗaure a bayan babur, wandonsa jage-jage har gwiwa. Mutum ne marar hayaniya, sai tambaya kamar alƙali. Ya duba Gajera, ya matsa mata magani ta kan nonon, ya yi mata allura. Sai ya fito da wani farin faranti mai rami huɗu, ya ce in tatso masa Kyalla, kowane nono a raminsa.

Na ce, "Malam, Kyalla lafiyarta lau. Dubi madararta fa."

Ya ce, "Tatso dai, Malama."

Madara fara tas. Ya ɗiga mata wani ruwa shuɗi, ya juya farantin a hankali. Rami biyu suka tsaya yadda suke, biyu suka kama yauƙi kamar miyar karkashi.

Hajiya ta matso da carbinta ta ce, "To ɗan nan, ina amfanin allurar taka?"

Ko a jikinsa. Ya ce, "Hajiya, allurar ba katanga ba ce. Jikin saniya yana da sojojinsa. Allura nuna musu ƙwayar cutar take yi tun kafin ta zo, don in ta shigo ta kan nono su gane ta, su taso mata da wuri. Gudajin nan da kuka gani a nonon Gajera, sojojin ne da suka mutu a wurin faɗan. Ba don allurar ba, da wataƙila yanzu tana kwance ko tuƙa ba ta yi."

Na ce, "Kyalla fa? Ita ma ai an yi mata."

Ya nuna ƙullutun da ke can saman hantsarta, wanda yake nan tun Inna na da rai. Ya ce, "Ita ta daɗe da abinta tun kafin allura. Ƙwayar ta yi ɗaki a ciki ta rufe ƙofa, soja ba ya kai mata, magani ma da wuya. Ita ba ta jin komai, amma kullum tana zubo ta a cikin madara." Ya ɗauraye farantin, ya ɗago. "Tun ranar allurar farko da na ga ƙullutun nan na ce miki ita za ki riƙa tatsa a ƙarshe, ki wanke hannu da sabulu tsakanin saniya da saniya. Da wace kike farawa?"

Na ce, "Yadda ka ce haka nake yi."

Ya ce madalla. Ya ɗebi madarar su biyun a 'yan kwalabe zai aika Kano a gwada. Ya ce kada kowa ya sha, kada a kai wa masu karɓar madara, a zubar.

Alhamis, 27 ga Yuli, da hantsi

A zubar. Da sauƙi a bakinsa.

A gidanmu ko ɗigon madara ne ya faɗi ƙasa sai Inna ta sa an zuba ruwa a wurin an yi istigfari. Yau ni na haƙa rami a bayan rumbu na juye ƙwarya guda cur, na mayar da ƙasa ina waige-waige. Ramlat, 'yata mai shekara uku, tana biye da ni da kofinta tana miƙo mini. Na dama mata koko ta ƙi sha, ta watsar. Na kai mata duka. Sannan na zauna a ƙasa na yi kuka, ita ma tana nata.

Juma'a, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Uwaisu ya dawo. Ya zagaya turke hannu a baya, sai ka ce ya san abin da yake dubawa. Ya ce, "Ke ce 'yar masu shanu, ni buhu na sani. Amma Hajiya ta ce allura ce."

Na ce, "Baban Ramlat, ba allura ba ce."

"To mene ne?"

Na ce taɓo ne. Kafin magariba ya sa an kawo yashi amalanke biyu an zuba musu, shi da kansa ya naɗe wando ya baje. Mutumin kirki. Da ma faɗa ya yi mini.

Lahadi, 30 ga Yuli, da hantsi

Malam ya kira jiya a kan Amarya. Ya ce kwanakin farko bayan haihuwa su ne abin tsoro, sojojin hantsa a gajiye suke a lokacin, kan nono kuma a buɗe. Ya ce in ta haihu da ita zan riƙa farawa, sai Gajera, sai Kyalla a ƙarshe, kuma kada komai na Kyalla ya taɓa ta. Na ce to. Bakina ya iya cewa to.

Yau na ce bari in gwada. Na ɗauki ƙwarya na wuce Kyalla na nufi Gajera. Wayyo. Kyalla ta juyo ta dube ni, ta yi wani kuka da ban taɓa ji a bakinta ba, ta fizgi igiya har turke ya girgiza. Tun da uwarta ta mutu ba a taɓa wuce ta ba.

Inna ba ta fara tatsa da kowa sai babbar garke. Kafin Kyalla uwarta ce, kafin uwarta kakarta. Takan ce ranar da aka tsallake babba aka fara da ƙarama, ranar albarka take barin garke. In ta tatsi babbar sai ta tsoma yatsu a kumfar, ta shafa wa nonon ta biye, ta sake tsomawa ta shafa wa ta gaba, har ta gama da su duka. Kumfar tana sa nono ya yi laushi, ƙanana kuma su gaji albarkar uwarsu. Ina shekara bakwai ta kama yatsuna ta tsoma su da kanta. Har yanzu ina jin ɗumin kumfar nan.

Abin da Inna take yi na rubuta. Ban ce komai a kan kaina ba.

Litinin, 31 ga Yuli, bayan azahar

Kumburin Gajera ya fara sacewa. Ni ce ban samu sauƙi ba.

Laraba, 2 ga Agusta, bayan azahar

Amarya ta haihu! Maraƙa, fara sol, kunnuwa baƙaƙe, ƙafafu kamar sillan kara. Ba ta ba mu wahala ba ko kaɗan. Hajiya da kanta ta fito ta rangaɗa guɗa, wai a dafa mata dakashi, nonon farkon haihuwa, ita ma ta ɗanɗana arzikin Fulani. Na ce, "Hajiya, ashe dai kina so." Ta ce in tafi can, 'yar nema.

Kyalla sai miƙa wuya take tana son lasar jikarta, igiya ba ta kai ba. Yau na yi dariya, har na ji abin baƙo a fuskata.

Asabar, 5 ga Agusta, da hantsi

Na fara tatsar Amarya. Nonuwan 'yan mitsi-mitsi, a ɗaure tam, a bushe, ina kamawa tana tsalle. Saniya mai haihuwar fari sai da lallami. Na yi abin da ake yi. Nan da nan ta tsaya, madara ta sauko.

Allura biyu aka yi mata kafin ta haihu. Biyu. Sojojinta sun san aikinsu, Malam da bakinsa ya faɗa.

Lahadi, 6 ga Agusta, da hantsi

Lafiya lau. Kin gani ko, Muhsina? Tsoro ne kawai.

Talata, 8 ga Agusta, bayan asuba

Ya Allah, ba Amarya ba.

Talata, bayan la'asar

Nonuwan gaba duka biyu. Sun kumbura sun yi sheƙi, ba ta bari ko 'yarta ta matso. Kunnuwanta sun faɗi, jikinta zafi, ta tsaya ta sunkuyar da kai kamar wadda aka yi wa faɗa. Nata ya fi na Gajera nesa ba kusa ba. Maraƙar tun safe take kuka, muryarta har ta dushe.

Na yi salla ban san raka'a nawa na yi ba. Ruwa ya sake saukowa, yashin Uwaisu ya nutse.

Laraba, 9 ga Agusta, bayan azahar

Malam ya zo cikin ruwa. Ya daɗe a durƙushe gindin Amarya. Ya yi mata allura, ya matsa magani, ya ce in riƙa tatse nonuwan gaban sau biyar a rana ko tana shuri, in gasa su da ruwan ɗumi. Sai girgiza kai yake yi. Ya ce, "Ban gane ba. An zuba yashi, da ita ake farawa, ana wanke hannu. Ta ina ta shigo da wuri haka, da ƙarfi haka?"

Ni ina tsaye ina kallon ƙasa.

Hajiya ta fito ta wanke shi tas. Ta ce shanun nan lafiyarsu ƙalau suka zo gidan nan sai da ya shigo da kularsa. Ta ce ya mayar da dukiyar marainiya abin gwaji. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Matar Malam Haruna ta ce su ma sun fasa allura ta uku, ba mai ƙara taɓa musu saniya. Shi dai cewa ya yi, "Allah ya ba da haƙuri, Hajiya," ya ɗaure kularsa. Sai da ya buga babur sau huɗu kafin ya tashi, duk muna tsaye muna kallonsa.

Magana ɗaya zan yi in wanke shi. Ban yi ba.

Alhamis, 10 ga Agusta, kafin magariba

Amarya ba ta ci ba. Harawa, dusa da kanwa, ko kallo. Na tatse sau biyar, ruwa ne da jini-jini. Bayan rumbu ya cika da ramuka, na koma gindin zogale.

Juma'a, 11 ga Agusta, da hantsi

Ya gani.

Juma'a, bayan la'asar

Bari in rubuta, tunda dai ya riga ya gani.

Malam yana da tafiya garin Kunci yau, sai ya biyo da sassafe don allurar Amarya, bai kira ba. Hajiya ce ta ce masa ya shiga ya ga aikinsa. Ni ban ji sallamarsa ba saboda kukan maraƙa. Ina durƙushe gindin Kyalla, ƙwarya ta yi rabi. Na tsoma yatsuna a kumfa, na juya na shafa wa Amarya nonuwan baya, su da suka rage mata masu lafiya. A raina cewa nake yanzu ne ma take bukatar albarkar uwarta. Ina ɗagowa na gan shi tsaye, sirinji a hannu.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na samu abin da zan riƙe in ji haushinsa. Cewa ya yi, "Malama Muhsina." Shi ke nan. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Kullum."

"Har ranar da na tambaye ki?"

"Har ranar."

"Gajera ma haka?"

Na gyaɗa kai.

Ya ajiye sirinjin a kan kula, ya zauna a kan tsohon turmin da ke gefen turke. Ya ce, "Allura tana shirya soja ne ya tare ɗaya biyu da suka lallaɓo. Ke kuma safe da yamma kina ɗebo su da hannunki, kina kai su har bakin ƙofa. Ga saniya sabuwar haihuwa. Wane soja ne zai iya, fisabilillahi?"

Na ce haka Inna take yi, kuma shanunta sun haura talatin.

Ya ce, "Allah ya jiƙanta. A cikin talatin ɗin, nawa ne nononsu huɗu duka suke zuba?"

Ya yi allurarsa, ya sa na wanke nonuwan da sabulu da ruwan magani a gabansa, ya tafi.

Asabar, 12 ga Agusta, da hantsi

Tun jiya nake ƙirga shanun Inna. Baƙa, nono uku. 'Yar Baƙa, uku. Mai Ƙaho Ɗaya, biyu. Uwar Kyalla kanta uku ne da ita tun da na yi wayo. Mukan ce jinin garkenmu ne haka. Inna har tsokana take, wai shanunta marowata ne, sai sun ɓoye ɗaya. Mu yi ta dariya.

Ba zan rubuta abin da yake raina ba. Uwata ce.

Lahadi, 13 ga Agusta, bayan azahar

Na faɗa musu, Hajiya da Uwaisu, a tsakar gida, ban ɓoye komai ba. Hajiya ta ce, "Kika tsaya kina kallo na ci mutuncin ɗan mutane?" Ta yafa mayafi ta shiga gidan Malam Haruna da kanta ta warware maganar. Da ta dawo ba ta dube ni ba, amma ta aiko mini da tuwo, ta ce in ci ko loma uku ne.

Uwaisu ya ce, "Yashin da na zuba fa?" Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai. Irin ba komai ɗin nan da ya fi zagi ciwo.

Litinin, 14 ga Agusta, da hantsi

Amarya ta ɗan tsinci harawa. Da ita na fara, na wanke hannu, na je ga Gajera, na sake wankewa. Kyalla tana kuka tun daga farko har ƙarshe. Da na zo kanta ta riƙe madararta, ta juya mini baya. Na ba ta haƙuri da baki kamar mutum.

Talata, 15 ga Agusta, bayan asuba

Ƙafafuna da kansu suka kai ni gindin Kyalla. Sai da na durƙusa na kama nono sannan na tuna.

Laraba, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Sakamako ya zo daga Kano. Ƙwayar da ke nonon Gajera ita ce ta Kyalla, kuma Malam ya ce ta Amarya ba sai an gwada ba. Ya ce Amarya za ta tashi, allurar ta riƙe ta, ba don haka ba da hantsar ta ruɓe a jikinta. Amma nonon gaba na dama ya mutu, ba zai ƙara zuba ba har abada. Haihuwar fari. Ko wata ɗaya ba ta yi da nono huɗu ba.

Na ce, "Kyalla fa?" Na san amsar, so nake in ji a bakin wani.

Ya ce, "Ba ta warkewa, Malama. Muddin tana turke ɗaya da su, ko hannu bai kai ba ƙuda zai kai. Gajera ta samu ta tsira da huɗunta wannan karon. Ba zan ce miki za ta sake tsira ba."

Na ce to in daina tatsarta mana, ta zauna ta ci ta kwanta, ta tsufa a gabana. Ya ce, "In kina da wani wuri nesa da su. Kuma in za ki iya." Bai dube ni ba da ya faɗi na biyun.

Wuri? Gidan nan ko akuya aka ƙara sai an matsa. Waje kuwa gonakin mutane. Na kira Yaya Abdulkabir, wana, shi da ya gaji yawancin garken. Na ce ya karɓe ta ya ajiye mini a gefe. Ya ce, "Haba Muhsina, ki kwaso mini cuta ki kawo mini garke?" Na so in ce masa ya je ya ƙirga nonon shanunsa. Na ce masa ya sa a gwada su, ya ce shi bai da lokacin 'yan kwalba. Muka yi sallama ba daɗi.

Ko da wurin ma, na san hannuna. Na ga abin da ya yi jiya.

Alhamis, 17 ga Agusta, da hantsi

Ba ruwa yau. Rana ta fito, gero sai sheƙi yake. Ban ga abin murna a ciki ba.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan la'asar

Uwaisu ya zo da shawara, kuma don ni ya yi ta, na sani. Ya ce, "A kai Kyalla kasuwa. Madararta fara tas, wa zai gane? Wani mai garke ya saya ya ci gaba da kiwonta, ba wuƙa. Ba abin da kike so ke nan ba?"

Wallahi sai da zuciyata ta karkata. Na hango ta a wani fili can tana kiwo, ba igiya ba taɓo. Sai kuma na hango wata mata da ƙwarya ta durƙusa gindinta, ta tashi ta nufi nata shanun da hannun nan. Tsohuwa ce Kyalla, duk garken da ta shiga ita ce babba.

Na ce, "Baban Ramlat, a'a."

Ya ce, "To saura mahauci."

Na ce na sani. Ya fita ya kira Sama'ilu mahauci. Malam ya riga ya ce namanta ba laifi tunda ba a yi mata magani ba, hantsar kawai za a cire a binne. Jibi da safe.

Asabar, 19 ga Agusta, kafin magariba

Na ware maraƙin Kyalla, dama ya isa yaye. Ita kuma na ba ta dusa da kanwa har ta bari da kanta. Na cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, na wanke mata taɓon cinya da ruwan ɗumi.

Na ce wa Uwaisu gobe ba zan fito ba. Su zo su yi abin da za su yi, ni ina ɗaki.

Lahadi, 20 ga Agusta, bayan azahar

Na shiga ɗaki na ja ƙofa kamar yadda na ce. Na ji tsayuwar a-kori-kurar Sama'ilu a bayan gida, sun jingina ta da tudu don saniya ta taka ta hau. Na ji an kwance igiya. Sai hayaniya. "Ja! Kai, tura ta baya!" Sai ƙarar sanda a jiki. Na toshe kunne da filo, ina ji duk da haka.

Can Uwaisu ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce, "Maman Ramlat, ta kafe. Mu huɗu mun kasa. Sama'ilu ya ce sai dai a murɗe mata wutsiya, ko a kayar da ita a ɗaure a ja." Ya ƙara da cewa, "Ban ce ki fito ba. Faɗa miki kawai na yi."

Na saka hijabi na fita. Tana tsakiyar turke ta dasa ƙafafu huɗu a taɓo, idanu a waje, kumfa a baki, shatar sanda biyu a gadon bayanta. Na ce duk su matsa. Sama'ilu ya ce, "Malama, a kula, ta fusata." Na ce ya matsa kawai.

Na ce, "Kyalla." Ta daina huci. Na juya na kama hanya, ban waiwaya ba, ina jin takunta a bayana. Muka fita ta ƙofar baya, muka bi gefen geron Malam Haruna, ko kai ba ta kai wa ganye ba. Na taka tudun, na hau motar, ta hau. Na tsaya da ita har suka ɗaure ta a ƙarfe, ina shafa wuyanta tana lasar gefen hijabina. Sannan na zame ta gefe na dira, Sama'ilu ya rufe.

Ba ta yi kuka ba sai da motar ta sha kwana ta ga ba na ciki.

Maza huɗu da sanda sun kasa ɗaga ta daga inda take. Ni sunanta kawai na kira.